Daga kututture zuwa shago: yadda ake sayen lodin katako ba tare da an ƙwace shi a hanya ba

Yawancin lodin katakon da ake tsarewa tsakanin dazuzzukan Ondo, Edo, Kuros Riba da Taraba da kasuwannin Na'ibawa, Dei-Dei ko Katako ta Jos, direban yana ɗauke da takardu, wani lokaci ma jaka guda. Abin da ke kayar da shi, bakin takardun ne bai zo ɗaya ba. Izinin sara ya ce iroko, takardar hanya ta ce mahogani. Izinin na bishiya goma ne, amma falankan da ke kan tirela sai bishiya ashirin za ta ba da su. Lambar motar da aka rubuta ta wadda ta lalace a Ore ce, ba wadda ke tsaye a shinge ba. Ma'aikacin gandun daji da ya san aikinsa abu huɗu yake dubawa a kowace takarda: irin itacen, yawansa, kwanan wata, da lambar mota. Idan ɗaya ya saɓa wa takardar da ta gabace shi, sauran duk sun zama takardar tsire.

Wannan bayani na ɗan kasuwar da ke sayen lodi ne da kuɗinsa, ko ya je da ƙafarsa ko ya aika dillali.

Fara sanin wa ke da iko da dajin

A Najeriya daji na jiha ne. Gwamnatin tarayya tana tsara manufa, tana riƙe da manyan gandayen namun daji na ƙasa, kuma ita ke da iko da duk abin da zai ƙetare iyaka. Amma izinin sare bishiya, kuɗin da za a biya a kanta, da takardar fitar da ita daga daji, duk suna hannun sashen gandun daji na jihar da bishiyar ta tsiro. Dokar Ondo daban, ta Taraba daban, kuma jiha kan rufe dajinta ko ta buɗe shi da sanarwa ɗaya. Kuros Riba ta hana sara a 2008, aka zauna a haka har 2023 da gwamna Bassey Otu ya ɗage haramcin. A tsawon waɗannan shekaru katako bai daina fitowa daga yankin Ikom ba, kuma idan aka yi kamu mai saye ne ke ɗaukar asarar. Don haka kafin ka tura ko sisi, ka kira ofishin gandun daji na yankin ka tambaya ko an buɗe sara a bana, da kuma irin itatuwan da aka hana.

Tambaya ta biyu ita ce a wace irin ƙasa bishiyar take. Idan cikin gandun namun daji na tarayya ce, kamar Gashaka-Gumti, Okomu ko Kamuku, magana ta ƙare, domin babu ofishin da ke da ikon ba da izinin sara a can, kuma duk takardar da aka nuna maka ta wani wuri ce aka aro. Ka yi hattara sosai da katakon da ke fitowa daga ƙauyukan da ke gefen irin waɗannan wurare, musamman idan araharsa ta yi yawa. Idan gandun daji na jiha ne, kamar Omo a Ogun, Oluwa a Ondo ko Nimbia a kudancin Kaduna, jiha tana yanka shi kashi-kashi ta ba 'yan kwangila masu rajista, kowane kashi da lambarsa, kuma wannan lambar ya kamata ta bi katakon har shagonka. Idan dajin gari ne ko gonar wani, ana buƙatar abu biyu: yardar mai ƙasa da izinin jiha. A nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Dagaci ko sarkin gari ya rubuta takarda ya buga hatimi, an biya kuɗin gari, an biya na matasa, sai a ɗauka an gama. Wannan takarda shaidar yarda ce kawai, tana hana rigima da mutanen gari, amma a gaban malamin daji ba ta maye gurbin izinin sara.

Mafi sauƙin duka shi ne itacen da aka shuka: tik, malaina, da turaren da ake sarowa daga tsaunin Mambila. Asalinsu a fili yake. Duk da haka jihohi da dama suna neman a karɓi izini kafin a sare, ko aƙalla takardar ɗauka kafin a hau titi, ko da gonar ta mai sayarwar ce.

Izinin sara da abin da za ka karanta a cikinsa

Idan kai ne za ka sare da kanka, sai ka yi wa kasuwancinka rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka yi rajistar ɗan kwangilar katako a jihar, ka kuma yi rajistar gudumarka, wato gudumar ƙarfe mai ɗauke da alamarka wadda ake bugawa a kan gungume. Yawanci duk shekara ake sabunta waɗannan. Jihohi da yawa suna neman a yi wa injin zarto ma rajista. Daga nan ka rubuta neman izini, malamin daji ya bi ka ya ga bishiyoyin a tsaye, ya auna kewayen kowacce a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, ko sama da tushe idan bishiya ce mai fuka-fukai a gindi irin rimi ko obeche. Wadda ba ta kai ƙaramin kaurin da jihar ta ƙayyade wa irinta ba, ba a sa mata lamba. Sai an biya kuɗi an fitar da izini kafin zarto ya taɓa itace. Sara kafin izini ya fito, da niyyar a gyara takarda daga baya, laifi ne cikakke ko da ofishin ne ya yi jinkiri.

Yawancin 'yan kasuwar Arewa ba sa sara, saye suke yi. To aikinka shi ne karanta izinin mai sayarwa. Ka nemi ainihin takardar, ba hoton da aka turo ta waya ba. Ka duba sunan wanda aka ba, ko shi ne ke sayar maka. Idan wani ne, ina takardar cinikin da ta haɗa su? Ka duba irin itacen da adadin bishiyoyi, wurin da aka yarda a sare, da ranar da izinin zai ƙare. Wa'adin izini gajere ne, kuma damina tana cinye shi: an sare a kan lokaci, hanya ta lalace, gumagumai sun kwana wata biyu a daji, ranar da mota ta samu shiga izini ya riga ya mutu. Gyaran wannan shi ne a nemi ƙarin wa'adi a rubuce kafin a yi lodi.

Sannan ka rarrabe rasit da izini. Rasit yana nuna an biya kuɗi ne kawai. Ana iya tara maka rasit goma, na ƙaramar hukuma, na ƙungiya, na hukumar tara kuɗin shiga, babu ko ɗaya da ya ce an yarda a sare bishiya kaza a wuri kaza.

Wata dabara da ta zama ruwan dare ita ce izini ɗaya ya raka lodi uku ko huɗu. Maganinta, ka nemi ma'aikacin da ya duba lodinka ya rubuta a bayan ainihin izinin adadin da aka ɗauka yau da abin da ya rage, ya sa hannu da kwanan wata. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a yi wannan rubutu ya san dalilinsa.

Guduma da lamba

Bayan an kayar da bishiya ana buga lamba ɗaya a kututture da kuma kowane gungumen da aka yanka daga gare ta: bishiya ta 14, gungume na 1, na 2, na 3. Ɗan kwangila ya buga gudumarsa, ma'aikacin gwamnati ya auna ya buga tasa, wadda ke nuna an duba an sallama. Ana bugawa a fuskar yanka ta kowane gefe. Gungumen da ba shi da gudumar gwamnati, a idon doka bai bar daji da izini ba.

Abin da ke ɓata wannan sau da yawa ba mugunta ba ce. Bakin gungume ya tsage a rana, sai ofareta ya datse inci huɗu don ya yi kyau a idon mai saye, alamar ta tafi da guntun. Ka hana a datse baki kafin a isa injin yanka, kuma a maimaita lambar da fenti a jikin gungumen. Shafa wa bakin fenti mai kauri ko kakin zuma tun ranar sara yana rage tsagewar da ke jawo datsewar tun farko.

Katakon da aka tsaga da injin zarto a cikin daji, a gindin bishiyar, matsalarsa ta fi haka. Ba gungume, ba wurin buga guduma, ba hanyar komawa ga kututture. Wasu jihohin sun haramta shi, wasu suna ba da izini na musamman su buga guduma a kan kowane ɓalli. Ana gane shi daga nesa: sawun sarƙa a jikinsa, kauri ba daidai ba daga wannan baki zuwa wancan. Kada a rubuta maka shi a matsayin katakon injin yanka, domin ma'aikaci ba sai ya karanta takarda ba zai gane ƙarya ce.

Lissafin da ke tona asiri

Wannan shi ne sashen da ya kamata kowane mai saye ya iya da kansa, da tef da kalkuleta.

Girman gungume: auna kewayensa a tsakiya da mita, ninka shi da kansa, ninka da tsawon, sannan ninka da 0.0796. Gungume mai kewayen mita 2 da tsawon ƙafa 12, wato mita 3.66, zai ba da kiyubik mita 1.17. Akwai tsohon lissafin Turawan mulki da wasu ke amfani da shi har yau, inda ake raba kewaye gida huɗu, a ninka da kansa, a ninka da tsawo. A wannan hanya gungumen nan zai fito 0.92, ƙasa da na farko da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ka tambayi wanne aka yi amfani da shi a takarda, domin wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa a zarge ka da ɓoye kaya, ko kuma a cuce ka a ciniki. Ka kuma tambaya ko da ɓawo aka auna.

Girman katako: falanki mai inci 1 da inci 12 da ƙafa 12 kiyubik ƙafa ɗaya ne cif, kuma guda 35 ne ke cika kiyubik mita ɗaya. Tubaisis (inci 2 da inci 6) da tiribaifo (inci 3 da inci 4) masu ƙafa 12 su ma haka, 35. Tubaifo (2 da 4) guda 53. Tubaitiri (2 da 3) kimanin 70. Tubaitu (2 da 2) kimanin 106.

Abin da ya haɗa su shi ne, gungume ba ya zama katako gaba ɗaya. Ɓawo, gefe-gefe, garin zarto da ruɓaɓɓen ciki suna cinye kusan rabi a injin yanka na yau da kullum, kuma injin zarto na hannu ya fi haka ɓarna saboda kaurin sarƙarsa. Yanzu ɗauki izinin bishiya 10, kowacce ta ba da gungume 3 irin wanda muka auna. Gungume 30 ke nan, kiyubik mita 35. Bayan yanka za a samu 17 zuwa 18, wato falanki 600 da 'yan kai. Idan tirelarka tana ɗauke da falanki 1,100, kiyubik mita 31 ke kanta, kuma kusan 500 daga ciki ba su da uba a takarda. Ko dai akwai izini na biyu da ba a ba ka ba, ko kuma an cika lodin da katakon sata. Ka yi wannan lissafi kafin ka biya cikon kuɗi, kada ka bari a yi maka shi a shinge.

Lissafin yana taimakawa wajen nauyi ma. Ɗanyen katako mai ƙarfi irin iroko yana kusan tan ɗaya a kowane kiyubik mita, busasshen obeche kuwa bai kai rabin haka ba. Lodin da ya dace da obeche, idan aka yi shi da ɗanyen iroko, zai karya sifirin ko ya jawo tarar wuce kima a ma'aunin titi.

A injin yanka da ranar lodi

Injin yanka shi ne inda asalin katako ya fi ɓacewa, domin gumagumai daga wurare goma suna shiga, falankai masu kama ɗaya suna fita. Ka duba lasisin injin na bana a bango. Ka nemi ganin littafin shigar gumagumai, inda ake rubuta lambar kowanne da izinin da ya zo da shi. Idan gumagumanka ne ka kawo a yanka maka, a yanka su a jere a tara su gefe guda, a sa musu fenti kala ɗaya. Idan katakon da aka riga aka yanka kake saye, takardar cinikin ta ambaci lambar izinin da ya fito daga ciki.

Ranar lodi, ka tsaya ko wakilinka ya tsaya a ƙirga. Takardar hanya ta nuna irin itace, girma da adadin kowane girma, lambar mota, sunan direba, inda aka taso da inda za a sauke. Kalmar "katako iri-iri" a gurbin irin itace gayyatar matsala ce. A rubuta kowanne da sunansa da adadinsa. Daga nan ma'aikacin gandun daji ya duba lodin ya ba da takardar fitarwa ta jihar, a biya kuɗin fita da kaya zuwa wata jiha inda ake karɓarsa, a asusun gwamnati, a karɓi rasit mai lamba.

Idan lodi ɗaya ya haɗa kayan injin biyu, kowanne ya zo da takardunsa, a kuma raba su da fenti daban. Idan mota ta lalace aka juye kaya a wata, kada direba ya goge lamba ya rubuta sabuwa da biro. A je ofishin gandun daji mafi kusa a rubuta canjin a buga hatimi, a ɗauki hoton motocin biyu lokacin juyewa. Kuma kada a yarda direba ya ɗora wa wani 'yan falankai a hanya don ya samu na cefane. Falanki ashirin marasa takarda sun isa su sa a tsare dubu masu takarda.

Direba ya riƙe ainihin takardun hanya, kai ka riƙe kwafi da hoton kowacce a waya, har da hoton lodin daga baya da gefe kafin a rufe tamfol.

Shingayen hanya iri biyu ne. Na gandun daji yana da hurumin duba kaya da takarda. Na masu karɓar haraji da sanda mai ƙusa kuwa, dokar haraji ta 1998 ta hana kafa shinge a titi don karɓar kuɗi, ko da yake duk mai bin hanyar Lokoja ko Makurɗi ya san yadda abin yake a zahiri. Abin da za ka iya yi shi ne ka sa direba ya nemi rasit a kan duk abin da ya biya, ka kuma shiga ƙungiyar 'yan katako ta kasuwarku, domin ita ce ke iya zama da jiha a daidaita kuɗi guda sananne. Na goro da ake miƙawa don a kau da kai daga lodi marar takarda yana wuce da kai shinge ɗaya ne kawai, kuma saura goma a gaba.

Idan an tsare kaya

Ka nemi takardar kamu a rubuce, mai nuna laifin da ake zargi, adadin kayan, da sunan ofishin. A ƙirga a gaban direba ya sa hannu, domin katakon da ya kwana a harabar ofis ba tare da ƙirga ba yakan rame. Ka kai kwafin takardunka ga shugaban ofishin yankin da kanka ko ta hannun ƙungiya. Dokokin gandun daji na jihohi galibi sun ba manyan jami'ai ikon sasanta ƙananan laifuka da tara ba tare da an je kotu ba. Idan ka zaɓi wannan, a biya a asusun gwamnati, a ba ka rasit da takardar saki wadda za ta raka motar sauran tafiyar. Ka yi sauri. Ɗanyen obeche da farin afara suna yin baƙin tabo cikin 'yan kwanaki idan suna cushe ba iska, katako mai ƙarfi yana tsagewa a rana, mai mota kuma yana ƙirga kuɗin kwana. Wani lokaci ya fi riba ka nemi a sauke kayan a jera su a inuwa da tsinke a tsakani, a saki motar, sannan a ci gaba da magana.

Madobiya, kawo, maɗaci, da maganar iyaka

Duk abin da aka faɗa a sama na cinikin cikin gida ne. Da zarar katako zai ƙetare iyaka, ko ta jirgin ruwa daga Apapa ko ta mota daga Jibiya zuwa Maraɗi ko daga Illela zuwa Ƙonni, ya zama fitar da kaya, kuma hukumar kwastam ta daɗe da sa katako, gungume ko yankakke, a jerin kayan da aka hana fitarwa. An riƙa buɗe ƙofa ga wanda aka sarrafa ana rufewa. A watan Disamba 2025 ministan muhalli, Balarabe Abbas Lawal, ya sanar a taron majalisar muhalli ta ƙasa da aka yi a Katsina cewa shugaban ƙasa ya ba da umarnin hana fitar da itace da dangoginsa, an kuma soke lasisin da aka bayar a baya. Duk wanda ya zo maka da tsohon lasisi yana neman ka zuba jari a kwantena, ka je ma'aikatar muhalli ta tarayya ka tabbatar da matsayin doka a ranar kafin ka saurare shi.

Tarihin madobiya ya isa darasi. Ita ce 'yan Taraba ke kira madrid, masu fitarwa ke kira koso, a takardun duniya kuma Pterocarpus erinaceus. Ana gane ta da jan ruwa kamar jini da ke fita idan aka sari ɓawonta, da furanni rawaya a lokacin rani. Buƙatar masu kayan ɗaki na ƙasar Sin ta sa aka share ta daga Kogi, aka koma Taraba, yankunan Bali, Gashaka da Kurmi. An sa ta a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu tsakanin ƙasashe, daga Janairu 2017. A wannan shekarar binciken EIA, wata ƙungiya mai bin diddigin laifukan muhalli, ya bayyana cewa an tsare dubban kwantenoni a tashoshin Sin saboda rashin izini, daga baya aka fitar musu da takardu bayan kaya sun riga sun isa. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, a 2022 kuma matakin ya game ƙasashen da take tsirowa. Asarar ta fi faɗa wa ƙananan 'yan kasuwar da suka tara gumagumai a bakin titi suna jiran mai saye.

A taron CITES na Panama a Nuwamba 2022 an ƙara dangin Afzelia, Khaya da sauran Pterocarpus na Afirka, ya fara aiki a Fabrairu 2023. A Hausance, kawo da maɗaci ke nan, tare da mahoganin kudu, da abin da kasuwa ke kira apa ko dusiye. Tunda dangin gaba ɗaya aka sa, canza suna a takarda ba ya fitar da kai. CITES ba ta shafi sayar da kawo daga Taraba zuwa Kano ba, wannan na dokar jiha ne. Amma ko daga Kamaru zuwa Chadi ne, sai da izininta. Izinin yana fitowa ne kafin kaya su tashi, wa'adinsa bai wuce wata shida ba, kuma sai hukumar kimiyya ta ƙasar ta tabbatar saran ba zai ƙarar da irin ba, hukumar gudanarwa kuma ta tabbatar ta halal aka samo. A Najeriya sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli ta tarayya ne ke ba da izinin, cibiyar binciken daji ta FRIN da ke Ibadan tana ba da shawarar kimiyya, hukumar tilasta bin dokokin muhalli ta NESREA da kwastam suna kamu.

Ga masu saye a Gana da Kamaru

'Yan kasuwar da ke ɗaukar katako daga Kumasi ko Techiman su bi ta Paga zuwa ƙasashen Sahel suna aiki ne a ƙarƙashin tsari mafi tsauri. Tun 1998 Gana ta haramta sayar da katakon da aka tsaga da injin zarto, duk da cewa shi ya fi yawa a kasuwannin cikin gida, don haka arahar da ka gani a kasuwa ba ta nufin za ka iya fita da shi. Gungume yana tafiya da takardar LMCC, wato ta awo da ɗaukar gungume, katakon da za a fitar kuma sai TIDD, sashen harkar katako na hukumar gandun daji, ya amince da kwangilar cinikin, ya duba kaya, ya ba da izini, kuma mai fitarwa sai ya yi rajista da su. Gana ta ƙulla yarjejeniya da Tarayyar Turai a 2009, a 2025 ta fara ba da lasisin FLEGT, wato shaidar halaccin katakon da za a kai Turai, ta farko a Afirka, ta biyu a duniya bayan Indonesiya. Amfanin wannan ga ƙaramin mai saye shi ne bayanan kowace bishiya suna cikin kwamfuta, ana iya bincika lambar da aka ba ka.

A Kamaru, inda katako ke hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaundere ya bi mota zuwa Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, takardar hanya ita ce lettre de voiture, wadda ma'aikatar gandun daji, MINFOF, ke fitarwa ta tsarinta na kwamfuta mai suna SIGIF 2. Ka duba lambar dajin da aka rubuta a kanta. Sananniyar dabara a can ita ce a sayi takardun dajin al'umma, wanda doka ta ƙayyade bai wuce hekta 5,000 ba, a rufe katakon da aka saro a wani wuri da su. Idan ƙaramin daji yana fitar da lodi kowane mako, lissafin da muka yi a sama zai nuna. Ƙaramin kaurin da aka yarda a sare ayus, idan an auna faɗin gangar jikinsa ba kewaye ba, santimita 80 ne, iroko 100. Ka kuma sani ayus na Kamaru, wawa na Gana da obeche na Najeriya itace ɗaya ne, don haka ka sa a rubuta Triplochiton scleroxylon kusa da sunan kasuwa a duk takardar da za ta ƙetare iyaka.

Mai niyyar sayar wa Turai daga waɗannan ƙasashe ya fara ɗaukar lambobin GPS na wurin sara tun yanzu. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 tana neman a nuna ainihin filin da itacen ya fito da shaidar ba a share daji a wurin ba bayan 31 ga Disamba 2020. An ɗage fara aiki da ita fiye da sau ɗaya, amma masu saye sun riga sun fara tambaya.

Bayan an sauke a shago

Ka buɗe fayil ɗaya ga kowane lodi: kwafin izinin sara, takardar ciniki, takardar hanya, takardar fitarwa, rasitai, hotuna, da lissafin da ka yi. Ka ba lodin lamba, ka rubuta ta da fenti a bakin falankan, ka kuma sa ta a rasit ɗin duk wanda ya saya da yawa, musamman 'yan kwangilar gini da masu kai kaya wata jiha, domin su ma za a tambaye su a hanya kuma kai za su nuna. Rasit ɗin da ake bugawa a na'urar POS yana gogewa cikin 'yan watanni a zafin shago, don haka a yi masa kwafi a ranar da ya zo. A ajiye fayilolin shekara biyar, kwafi ɗaya a wajen kasuwa, saboda gobara ba baƙuwa ba ce a kasuwar katako.